Ta yaya yaro zai gane ransa ya ɓaci kafin hannunsa ya tashi?

Maman Yara Uku:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema. Na gaji da zama alƙali a gidana wlh, daga an tashi da safe "Mama kinga ya taɓa min kaya", "Mama ita ta fara", kuma abin bai tsaya a gida ba, na tsakiyan ɗan shekara 8 ne, duk abokin da ya yi sai sun ɓata, in ka tambaye shi me ya haɗa ku amsarsa ɗaya ce, "shi ya ja". Bai taɓa cewa ga abin da na ji ko ga abin da ni na yi ba. Wai ana iya koya wa yaro ya san kansa kuwa, ya gane zuciya ta fara ɗibarsa tun kafin ya kai duka, ko kuwa hali ne sai girma ya gyara?

Dattijo:
Wa alaikumus salam 'yata. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, yara kuwa dole su yi faɗa. Ni abin da na sani yaro tsawa yake so da ido. Ki kafa doka, wanda ya daki ɗan'uwansa ya sha hukunci, babba ya yi haƙuri ƙarami ya yi ladabi, shikenan. Wannan zancen na a zaunar da yaro ana lallaɓa shi ana tambayarsa "me kake ji a ranka" shi ya sa yaran yanzu suka raina manya. Mu ba a tambaye mu ba kuma ga mu mun zama mutane.

Malamar Firamare:
Baba a gafarce ni zan ɗan sa baki. Doka kam ba wanda ya ce a cire ta, ni ma a ajina duka haramun ne tsakanin yara kuma sun sani. Amma doka tana aiki ne lokacin da idonka yake wurin, to in an tashi tara fa, ko a hanyar komawa gida, wa zai yi masa idon? A nan ne ake so ya zama akwai wani abu a cikinsa da zai ce masa dakata.

Bari in ba ku abin da nake gani kullum. Yara suna layi za su shiga aji, na gaba ya ja da baya ya taka ƙafar na bayansa. Wani yaron zai ce "wash" ya janye ƙafa ya manta. Wani kuwa kafin ka ƙifta ido ya zuba masa dundu, in ka tambaye shi ya ce da gangan ya yi, kuma wlh ba ƙarya yake ba, haka ya gani a ransa. Wani masani a Amurka, Kenneth Dodge, ya gwada wannan tun 1980. An sa yara maza su haɗa wani wasa na gutsattsarin hoto, sai wani yaro ya rushe musu. In a fili yake da mugunta aka rushe duk yaran sukan ji haushi, in a fili yake kuskure ne duk sukan kyale, amma in abin ya zama ba a san dalili ba, nan ne masu yawan faɗa suke rabuwa da sauran, su kai tsaye suke ɗauka da gayya ne. Don haka Maman yara, "shi ya ja" ɗin nan da yaronki yake faɗa kar ki ɗauke ta kare kai kawai, wataƙila haka yake karanta mutane.

Abin da nake yi, bayan yaro ya huce sai in ce ba ni dalili uku da za su iya sa wane ya taka ka. Na farko kullum "don ya tsane ni" ne, sai in ce toh na ji, saura biyu. Sai ya yi ta kame-kame, can ya ce ƙila turo shi aka yi, ƙila bai gan ni ba. Ba na cewa na farkon ƙarya ne. So nake ya saba da cewa abin da ya fara faɗo masa a rai ba shi kaɗai ne mai yiwuwa ba.

Maman Yara Uku:
Ikon Allah, Malama kamar kina gidan. Ko kallonsa ƙanwarsa ta yi sai ya ce harararsa take.

Ɗalibin Nazarin Halayya:
Slm. Ina so in ƙara batun shekaru don wani lokacin muna neman abin da yaro bai kai gare shi ba. Sanin kai hawa-hawa yake zuwa. A 1972 Beulah Amsterdam ta riƙa ɗiga wa jarirai jan abu a gefen hanci ta ajiye su gaban madubi, sai wajen wata 18 zuwa 24 yawancinsu suke gane ai ni ne wancan. Sannan a 1983 Heinz Wimmer da Josef Perner suka ba yara labari, yaro ya ajiye abu a wani wuri ya fita wasa, mamansa ta canza masa wuri, da ya dawo ina zai duba? 'Yan ƙasa da shekara 4 yawanci sai su nuna sabon wurin, don ba su gane cewa abin da su suka sani wani bai sani ba. To ɗan shekara 3 da ya fizge motar wasan yayansa kuma ka tsaya kana ce masa "ka yi tunanin yadda ya ji", kusan ɓata bakinka kake. Shi dai a hana shi a faɗa masa sunan abin da yake ji, "kana so ne, ka ji haushi da aka hana ka", a ba shi wani abin. Ɗan 8 kam ya kai a yi magana da shi sosai. Amma a tuna sashen ƙwaƙwalwa na bayan goshi, wanda ke taka wa mutum burki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, shi ya sa za ka koya masa yau gobe ya sake, ba taurin kai ba ne kullum.

Babbar Yaya:
Ni maganar Baba ta "babba ya yi haƙuri" ce ta taɓa ni. Baba ka yi min afuwa amma ni ce ta fari a gidanmu kuma da wannan kalmar aka rene ni. Ƙanina ya yaga min littafi, ke ce babba ki yi haƙuri. Ya zage ni gaban ƙawayena, ke ce babba. Ba a taɓa tambayata ba balle a ce an yi miki ba daidai ba. Abin da na koya shi ne in haɗiye, to haɗiyewar ba ta tafiya ko'ina, sai ta koma gaba da riƙo, ina iya share wata ban yi wa mutum magana ba kuma in ka ce min me ya yi miki sai in rasa ta inda zan fara, ni kaina ban san ko haushi ne ko kishi ne ko kunya ce ba, kawai dai ƙirjina a cike. Shi kuma ƙanin ya taso da tunanin duk abin da ya yi wani ne zai haƙura. Mu biyun duk an cuce mu in ka duba.

Hajiya Kaka:
Allah sarki 'yar nan. Gaskiyarki. Alhaji ni sa'arka ce ko ma na girme ka, na reni nawa ga jikoki ina gani, haƙurin da aka ƙaƙaba wa yaro ba tare da an ji ta bakinsa ba ba haƙuri ba ne, ƙullaci ne ake tara masa. Mai haƙuri ya san abin da aka yi masa, ya san ya ji zafi, sannan ya zaɓi ya bari. Wanda bai ma san me ke cinsa ba me zai bari? Ni in jikokina suka kaure ba na tambayar wa ya fara, wannan tambayar ba ta da ƙarshe, kowa zai koma jiya, jiyan ma ta koma shekaranjiya. Raba su nake kowa ya zauna nesa da wani, sai numfashi ya dawo daidai in kira su ɗaya bayan ɗaya.

Dattijo:
Hajiya ban ƙi taki ba, a ji ta bakin kowa adalci ne. Amma ina nan kan bakana game da sangarta.

Anti Nas:
Ni ta ɓangaren jiki zan zo. Fushi kafin ya zo baki ko hannu sai ya bi ta jiki, zuciya ta hau bugawa da sauri, numfashi ya gajarce, fuska ta ɗau zafi, haƙora su cije, hannu ya dunƙule, wani cikinsa ne ke murɗawa wani maƙogwaronsa ne ke toshewa kamar zai yi kuka. Yaro yana jin duk wannan amma bai san alama ba ce. Ki samu lokacin da ake raha, ba lokacin rigima ba, ki zana mutum a takarda ki ce nuna min inda kake jin abin in ranka ya ɓaci. Wata yarinya da na sani cewa ta yi kunnuwanta ne ke zafi, shikenan aka samu alama, yanzu uwar in ta ga an fara ɗaga murya sai ta ce "ya kunnuwan?" yarinyar ta taɓa ta ji, wani lokacin har dariya ta kuɓuce mata.

Sannan dan Allah iyaye a duba barci da yunwa kafin a ce yaro mugun hali gare shi. Ɗan shekara 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12 na barci likitoci suka ce yana buƙata, ɗan 3 zuwa 5 kuwa awa 10 zuwa 13 har da na rana. Yaron da ya raba dare yana kallon waya da safe ko ƙuda ya sauka masa faɗa ne. Kuma shi ma a nuna masa, "ka lura duk ranar da ba ka yi barci da wuri ba sai kun yi da wane?" Wannan ma sanin kai ne ai, ya san lokutan da yake kusa.

Ɗalibin Nazarin Halayya:
Anti ta yi daidai. Kuma kiran abin da sunansa ba wasa ba ne. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Kalifoniya sun sa mutane cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna musu fuskoki masu fushi ko tsoro, in mutum ya zaɓi kalmar da ta dace da abin da ke fuskar sai aikin amigdala, wato ɗan sashen da ke kaɗa ƙararrawar haɗari, ya ragu. Manya aka gwada ba yara ba, in faɗi gaskiya, amma dai ya yi daidai da abin da malamai ke gani a aji. Matsalar yara da yawa kalma biyu kawai gare su, daɗi da haushi. Alhali wanda aka yi wa dariya a gaban aji muzanta ya yi, wanda aka yabi ƙanensa aka manta da shi kishi ne, wanda abokinsa ya koma wasa da wani tsoron a bar shi ne, duk sai su fito da rigar faɗa.

Kawun Yara:
Ni kam nawa mai sauƙi ne, na ce wa ɗan yayata in ya ji zuciya ya shiga ɗaki ya yi ta naushin filo har ya huce. Gara filo da ƙaninsa hhhh.

Ɗalibin Nazarin Halayya:
Kawu gara filo da ƙani kam, amma ba ya hucar da mutum yadda ake zato. Brad Bushman ya gwada a 2002, aka tunzura ɗalibai, wasu aka ba su buhun naushi su daka suna tuna wanda ya ɓata musu rai, wasu aka bar su zaune shiru ba su yi komai ba. Waɗanda suka yi naushin sun fi fushi daga baya kuma sun fi saurin ramawa, zaman shirun ma ya fi. Kamar kana koya wa jiki ne cewa haushi da naushi tare suke tafiya.

Malam Ustaz:
Masha Allah. Wannan ai Manzon Allah SAW ya riga ya nuna, ya ce idan ɗayanku ya yi fushi yana tsaye to ya zauna, in bai tafi ba ya kishingiɗa, Abu Dawud ya ruwaito. Kuma a Bukhari da Muslim ya zo cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane ba, mai ƙarfi shi ne wanda ke mallakar kansa lokacin fushi. Ku lura ba a ce mai ƙarfi ba ya fushi ba. Kuma mutum ba zai zauna ba sai ya fara gane cewa ya fusata, to gane ɗin nan shi 'yar'uwa take tambaya a kai. Yara maza musamman wannan hadisin yana shigarsu, don duk abin da suke so a ce su jarumai ne.

Dattijo:
Malam na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma ku ba ni amsa a nan.  To ranar da yaron da kuka koya wa faɗin abin da ke ransa ya tsaya gaban ubansa ya ce "Baba ka ɓata min rai", me za ku kira wannan? Ni a wurina rashin kunya ce ko da wane irin suna aka sa mata.

Babbar Yaya:
Baba to in bai faɗa ba ya fasa jin ne? Zumɓura baki zai yi ya yi ƙunƙuni ya bugo ƙofa, ko ya je ya huce kan ƙaninsa, wanne ya fi?

Hajiya Kaka:
Alhaji tsaya ka ji. Akwai faɗa akwai yadda ake faɗa. Yaron da ya ɗaga wa ubansa murya a gaban baƙi ya yi rashin kunya ko da gaskiyarsa, wannan ba mai musu. Amma wanda ya bari aka watse ya zo ya durƙusa ya ce "Baba ɗazu da ka yi min faɗa gaban abokaina na ji kunya sosai, kuma ba ni na fasa ba", wannan ai ladabi ne ya kai ladabi, ya riƙe kansa, ya zaɓi lokaci, ya zaɓi kalma. Ni dai na fi tsoron yaron da ba ya taɓa ce min komai, don wata rana wani zai faɗa wa a waje kuma ba ka san wane ne ba. Ji kam ba a hana shi, abin da za a yi da jin ne ake sa wa iyaka. Ni haka nake ce musu, ka ji haushi ba laifi, amma hannu da zagi babu.

Malamar Firamare:
Hajiya kin gama magana. Wani masani John Gottman da ya daɗe yana bibiyar iyalai a Amurka kusan haka ya tsara, a lura da abin da yaro ke ji, a saurare shi, a taimaka masa ya sa wa abin suna, sannan a kafa iyaka a nemi mafita tare. Mutane sai su ɗauki na farkon su watsar da iyakar, su ne ke haifar da sangartar da Baba yake tsoro, kuma tsoron nasa na da tushe, ina ganin irin yaran a aji, an koya musu "raina ya ɓaci" ta zama makami, kowa sai ya bi su. Sanin kai rabi biyu ne Baba, me na ji, da kuma me na yi. Na biyun ya fi ɗaci kuma shi ne ainihin.

Shi ya sa ban cika son "ce masa yi haƙuri" na dole ɗin nan ba. Yaro ya cika fam, an riƙo kunnensa, ya ce "yi haƙuri" yana harara, ɗayan ya ce "na haƙura" yana shirin ramawa a waje, mu kuma manya mu ce an sasanta. Ni abin da nake nema ya faɗi nasa kason da bakinsa ko da kaɗan ne, "ya ɗaukar min biro bai tambaya ba, na ji haushi, ni kuma na jefar masa da jaka". In ya iya faɗin wannan na ƙarshen ba tare da ya liƙa "amma ai shi ne" ba, to an yi nisa, ban haƙurin zai zo da kansa kuma na gaske. Sai in tambaye shi me za ka yi ka gyara, ya je ya tsince kayan ya mayar jakar.

Akwai kuma salon magana da Thomas Gordon ya yaɗa tun shekarun 1960, mutum ya fara da kansa maimakon ya fara da zargi. "Kai mugu ne kullum sai ka ware ni" faɗa take jawowa, "na ji ba daɗi da kuka fara wasan ba ku kira ni ba" kuwa tana barin ƙofa a buɗe. Da farko yara suna faɗinta kamar hadda har abin ya ba ka dariya, a hankali take zama tasu.

Baban Biyu:
Duk kun yi ta magana kan yaro, mu fa? Yaro yana gani an ɓata maka rai a waje ka shigo ka sauke kan mamansa, mamansa ta sauke kansa, shi kuma ka ce ya mallaki kansa. Tun 1961 Albert Bandura ya nuna yaran da suka kalli babba yana jibgar wata 'yar tsana ta roba su ma da aka bar su da ita haka suka yi, har irin dukan suke kwaikwaya. Ni abin da na ga yana aiki shi ne in faɗa a fili, "yau na gaji kuma raina a ɓace yake, ba ku ne kuka ja ba, ku ba ni minti goma". Ka ga sun ji babba ya san halin da yake ciki, ya faɗa, ya nemi lokaci, ba a fasa komai ba. Kuma in saɓani ya faru a gabansu to su ga shirin ma, Mark Cummings ya yi shekaru yana nazarin wannan, yara sun fi samun natsuwa in sun ga an warware, ba wai a yi faɗa a gabansu a shirya a ɓoye su kwana da fargaba ba.

Kawun Yara:
Ni dai bulala ɗaya biyu ba ta kashe yaro, mu faɗi gaskiya.

Admin:
Kawu dan Allah kar mu buɗe wannan babin a nan, in aka shiga batun bulala sai mu kwana ba a koma kan tambayar ba. Wanda yake so ya buɗe nasa daban.

Autar Gida:
Ni tambayata daban ce. Duk wannan ka numfasa, ka nemi dalili uku, ka faɗi naka kason, ba zai mayar da yaro solo-solo ba kuwa, kowa ya taka shi ya wuce shi yana can yana nema wa mutane uzuri? Akwai yaran da da gangan ɗin suke yi fa.

Malamar Firamare:
Ƙanwata tambaya mai kyau. Akwai su kam. Saɓani daban cin zali daban. Saɓani tsakanin tsara ne, yau wannan gobe wancan, an jima ka gan su suna wasa. Cin zali kuwa mutum ɗaya ake nufa, ana maimaitawa, kuma ɗaya ya fi ƙarfi ko ya fi jama'a. Wannan ba a ce wa yaro je ku sasanta ko nemi naka laifin, zalunci ne a ce masa haka, babba ne zai shiga. Kuma yaron da ya san kansa shi ya fi saurin ganewa, don zai iya cewa duk lokacin da na zauna da wane sai in tashi ina jin ni ba komai ba ne, to wannan ba aboki ba ne. Zai iya tsayawa ya kalli mutum ya ce "bana so, ka daina" da murya a tsaye ba kuka ba duka. Mai saurin hawa dokin zuciya shi ne ma abin wasan masu tsokana, sun san inda za su taɓa ya fashe a kama shi da laifi su suna gefe suna dariya.

Ɗalibin Nazarin Halayya:
Kuma ba ya rage wa yaro komai ta fannin karatu. A 2011 Joseph Durlak da abokansa sun tattara bincike 213 kan shirye-shiryen koyar da irin wannan a makarantu, ɗalibai sama da 270,000, aka ga halayya ta gyaru, rigima ta ragu, sakamakon karatu ma ya ɗaga. A shekarar dai aka fitar da na garin Dunedin a Niyu Zilan, yara kusan 1,000 da aka haifa a 1972 zuwa 1973 aka bi su har shekara 32, waɗanda suka fi iya kame kansu suna ƙanana sun fi lafiya da rufin asiri kuma sun fi kaucewa shiga hannun hukuma, ko da an cire bambancin basira da arzikin gida.

Dattijo:
Ɗana duk na ji alƙalumanka. Ni dai sharaɗina ɗaya, in za a yi a yi duka, har da wancan rabin da Malama ta ce na "me na yi". In aka tsaya a "me na ji" kawai to ba da ni ba.

Maman 'Yan Mata:
Na zo a makare, na karanta duka. Tawa matsalar akasin taku ce, 'yata shekararta 13, ba ta duka ba ta zagi, shiru ne nata. In suka ɓata da ƙawa a WhatsApp sai ta toshe ta, ta shige ɗaki, ka tambaye ta ta ce ba komai, fuska kuwa kamar hadari. Ta ina ake shiga irin wannan?

Hajiya Kaka:
'Yata kar ki tsare ta da ido kina "faɗa min me ya faru", ƙara rufewa za ta yi. Ki ja ta wani aiki da za ku yi kafaɗa da kafaɗa, ninkin kaya ko ku taka zuwa wani wuri, magana ta fi fita in ba a kallon juna. Sannan maimakon tambaya ki yi hasashe, "inaga abin da wance ta yi ya ba ki haushi ko", in kin kuskure da kanta za ta gyara miki, "ni ba haushi ba ne, kawai dai kowa ya gani ne a guruf ɗin", kinga ta faɗa miki kunya ce ba tare da ta shirya faɗa ba. Daga nan ki yi shiru, kar ki hau nasiha, kar ki ce za ki kira uwar yarinyar.

Anti Nas:
Ƙari kan na Hajiya, ki ba ta dabara ɗaya ta wayar, in ranta ya ɓaci ta rubuta duk abin da take son faɗa a inda ba zai tafi ba, ta bari sai da safe ta sake karantawa, in har yanzu tana so ta tura ta tura. Toshewar ma a ce mata ba laifi ba ne ta ɗan ja baya, amma ta san ko hutu take nema ko horo take son yi wa ƙawar, ba ɗaya ba ne. Sai dai in shirun ya wuce mako biyu, ta daina abubuwan da take so, barci ko cin abinci ya canza, to wannan ya wuce rigimar ƙawaye, ku ga likita.